Awon Miya

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar taki, ya kuma zaman hutu tun da kika ajiye aiki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne kuma wannan. Tela ne, ɗan marigayi ɗan'uwanki, wanda ke da shi 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da ke tun ranar aurena, da kika leƙa tukunyar masu girki kika ce a sauke a sake. An ce mini kunnenki ya yi nauyi, waya ba ta yi miki, shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa garinku wannan takarda.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Uwar yara ta samu gurbin karatun ungozoma a wani gari mai nisa, abin da ta yi shekara da shekaru tana nema. Ranar da aka kira ta sai ta zauna bakin gado tana cewa yara fa, wa zai ciyar da su? Na bugi ƙirji na ce ta tafi. Mutumin da ke sa almakashi a yadin mutane mai tsada hannunsa bai taɓa rawa ba, tukunya ce za ta gagare shi?

To, ina dafa shinkafa, kuma tana nuna, ba ta caɓewa. Ina dafa taliya. Ranar da ba na buɗe shago nakan soya tumatir tukunya guda in sa a firji, mu yi ta ɗiba har mako ya zagayo. Ni ban ga aibun wannan tsari ba. Amma Babbar, 'yata ta fari, ta raɗa mata suna miyar jiya. Auta kuwa, mai shekara biyar, sai ya yi cokali biyu ya ture faranti ya ce ya ƙoshi. Na tura wa uwarsu hotonsu don ta ji daɗi, sai ga kiranta tana tambayata me ya sami wuyan Auta. Ta ce idan ta zo hutun tsakiyar zango ta tarar da shi haka, ba za ta koma ba, karatun ya sha ruwa.

Ba na so ta bar karatun nan, Gwaggo, kuma ba na so a ce saboda ni ne. Ke kika shugabanci kicin ɗin makarantar kwana har kika tsufa a ciki. Ba wai ban iya ba ne, ƙari nake nema. Ki rubuto mini komai da adadinsa, don ni mutumin awo ne.

Ɗanki,
Tela

Ɗana Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin fetur. Ƙafa da sauƙi, idon hagu ne ke yi mini hazo-hazo. Na gane ka sarai, kai ne mai kunnuwan ubanka. Ba gaisuwa ba aike, sai da yunwa ta shiga gidanka ka tuna kana da Gwaggo. Ba komai, dama ciki shi ke nuna wa mutum hanyar dangi.

Wai ba wai ba ka iya ba ne. Ba ka iya ba, ɗana. Da kullum riga iri ɗaya launi ɗaya kake ɗinka wa mutum, da tuni ya canza tela. Yaro ma haka yake, sai dai shi ba shi da halin canza uba.

Shinkafarka ba ta da laifi, taliyar ma haka. Abin da ke kai shi ne magana. 'Yan makarantata kusan kullum shinkafa suke ci, amma ba wanda ya taɓa dawo mini da faranti da saura, domin abin da suka tarar a kai yau ba shi za su tarar gobe ba.

Ɗauki biro. Ta farko miyar albasa. Albasa ashirin, ka yanka siriri. Mai ludayi biyu. Wuta kaɗan-kaɗan, ka yi ta juyawa har ta yi laushi ta koma kalar zuma. Albasa ba ta son mai gaggawa. Gishiri ludayi ɗaya. Ka sauke, ka matse lemun tsami goma a kai.

Ta biyu, tumatir ɗanye ka yanka da wuƙa, ban ce markaɗe ba, ya ɗan soyu da tafarnuwa, ka fasa ƙwai a kai ka rufe. Ta uku, ka karɓo ƙashi wurin mahauci, ka sa citta da karas, ka bar shi yana ta tafasa kana ɗinkinka, romon ka zuba kan taliya. Ranar da aiki ya sha kanka, kifin gwangwani da kabeji, kafin shinkafa ta tsotse sun haɗu.

Kowacce a yi ta a ranar, a cinye ta a ranar. Firji na ruwan sanyi ne.

Ka fara da ta albasa. Yarinyar nan kuwa kada ka yarda ta bar karatu, ina jin haushin mace ta kai bakin ruwa ta dawo da ƙishirwa.

Gwaggonka

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin ido. Mu nan muna raye.

Na bi takardarki layi-layi, ban ƙara ba ban rage ba. Na sayo albasa ashirin, na ƙirga sau biyu a gaban mai kayan miya. Na zauna kan kujera 'yar tsugune a kicin na fara yanka. Kafin in kai rabi ba na ganin wuƙar. Babbar ta zo taya ni, ta fita tsakar gida tana hawaye shaɓe-shaɓe, maƙwabciyarmu ta hango ta, sai ga ta ta yafo mayafi ta shigo tana salati, wai wa ya rasu. Na fito da jajayen idanu da wuƙa a hannu. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa, yanzu duk layinmu an san Tela na girki.

Albasar ta ƙi shiga kaskonmu, sai a babbar tukunya na yi. Na zuba gishiri ludayi ɗaya cif, har na shafe bakinsa da wuƙa yadda zai zama daidai. Na matse lemo goma. Na zuba wa yara ina jiran yabo.

Auta ya sa cokali ɗaya a baki, ya dube ni, ya ce, "Baba, magani ne?" Babbar ta ce don Allah a dawo da miyar jiya.

Burodi da shayi suka ci. Ana cikin haka uwarsu ta kira, ta tambayi Auta me ya ci, yaron nan bai rufa mini asiri ba. Ta ce in ba ta Babbar, suka daɗe suna ƙus-ƙus. Daga baya ta ce mini ta fara tambayar yadda ake ajiye karatu.

Ni dai ban saɓa awo ba, Gwaggo. Idan riga ta fito ba daidai ba alhali tela bai kauce wa abin da aka rubuta masa ba, kowa ya san inda za a nemi laifi. Ban ce komai ba, girmanki ne.

Tela

Ɗana,

Lafiya lau nake, har ma na fi jiya, don na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, sai da haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ka ce ba ka ce komai ba, ai ka gama faɗa. To ji nan. Ni tun da nake ban taɓa dafa wa mutum uku abinci ba. Awon teburin 'yan makaranta na ba ka, su da yawa, kuma kowannensu cikinsa rijiya. Hannuna abin da ya sani ke nan, shi ya rubuta. Amma kai da kake taƙamar awo, ka taɓa yanka wa yaro riga da awon ubansa? Ka ga albasa ta ƙi shiga kasko, hankalinka bai ce maka komai ba? Ka ɗebi gishiri ludayi guda, kana da harshe a baki, ba ka ɗanɗana ba?

Albasa biyu ta ishe ku. Mai cokali biyu, lemo rabi. Gishiri kuwa ba zan ba ka adadi ba ko za ka yi kuka, da yatsu uku ake ɗiba, a barbaɗa, a ɗanɗana, a ƙara. Ana ƙara gishiri, ba a cire shi.

Ga abin da ya fi duk wannan. Na san ba ka miƙa wa mutum riga sai ya zo gwaji, ya sa, ka duba kafaɗa, ka duba hannu, ka rage nan ka saki can. Miya ma ana yi mata gwaji, kuma a bakin mai ci ake yi, tun tana kan wuta. Ka kira Autan nan, ka hura cokali ka ba shi, ka tambaye shi me ya rage. Duk abin da ya ce ka yi, ko da ka ga shirme ne. Yaro ba ya ture abincin da aka yi shawara da shi.

Hutun nata ya kusa, ka daina ɓata lokaci wajen neman mai laifi.

Gwaggonka

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ido? Mu nan lafiya ƙalau, kuma a wannan karon da gaske nake.

Gwaggo, an dace. Na ɗora Auta kan kujera a gefen murhu, nesa da wuta, na ce masa yau shi ne mai riga. Na hura cokali na ba shi. Ya lumshe ido kamar wani babban mutum, ya ce a ƙara tsami. Na ƙara. Gwaji na biyu ya ce ta yi. Yaron nan ya cinye farantinsa ya sa yatsa ya suɗe, ya ce a ƙara masa. Na juya baya na yi kamar ina wanke tukunya, don kada su ga fuskata.

Yanzu kullum da tata. Shagona a gaban gida yake, ƙofa ɗaya ce tsakani, sai in ɗora ƙashi da citta in koma kan keke, ina taka ɗinki ina jin tafasarsa. Masu zuwa karɓar kaya sai su yi ta shaƙar iska suna tambaya ko uwar yara ta dawo. In ce a'a, ni ne. Wani ya ƙi yarda sai da na ɗebo masa a kofi.

Har na fara nawa. Na goga karas a cikin ta albasa, ta yi zaƙi-zaƙi, Babbar ta ce wannan ce sarauniyar miya. Na gasa tumatir da tattasai a kan wuta har bayansu ya yi baƙi, na ɓare na daka da tafarnuwa, ko soyawa ban yi ba, muka ci da dankali. Wannan ba ki koya mini ba. Kumatun Auta sun fara dawowa, wuyan ma ya cike. Kada ki ji haushi, amma ina jin ta albasata ta kusa fin taki.

Jiya na kira uwarsu na ba ta labari tiryan-tiryan. Na ce ta kwantar da hankalinta, yara yanzu ko zancen girkinta ba sa yi. Daɗi ya hana ta magana, ta yi shiru, can ta ce tana da aji. Kin ga an gama da wannan matsala.

Ɗanki,
Tela

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya ce ƙofarki a rufe take, sai ta ƙarƙashinta ya tura takardata.

Idan maganar da na yi ce cewa tawa ta kusa fin taki, wasa nake yi. Rabi wasa. Idan kuma karas ɗin ne, ai ban ce ki sa a taki ba. Ban zaci babba kamarki za ta riƙe ɗanta a zuci kan miya ba. Na ji ciwon shirun nan, don na saba da faɗanki.

Uwar yara na tafe ƙarshen makon gobe. Kwanan nan ba ta cika kira ba, karatu ya yi zafi. Na shirya mata miya kala-kala, kowace rana da tata, ta ga aiki da idonta.

Tela

Ɗana Tela,

Ina nan da raina. Asibiti aka kwantar da ni aka kankare mini idon, aka hana ni karatu. Jiya aka cire bandeji, takardunka biyu na fara karantawa da sabon ido, kuma da na san abin da zan gani da na ce a mayar da bandejin.

Karas a miyar albasa rashin kunya ne. Na gwada yau da safe. Ba laifi. Ta gasasshen tumatir kuwa na ba maƙwabta, na ce ɗana ne ya ƙirƙiro, tela ne, jininmu ne. Na yi alfahari da kai, kuma ba kasafai nake faɗin haka ba, ka adana.

Amma kai sakarai ne. Mace ta bar 'ya'yanta tana can tana ƙirga kwanaki, ka kira ta ka ce ko zancen girkinta ba sa yi, ta yi shiru, ka ce daɗi ne? Wane irin daɗi ne ke hana uwa kiran gida? A da tsoronta kada yara su rame. Yanzu tsoronta kada ta dawo ta tarar ba a bukatarta. Na farkon magani gare shi, ka ma samo. Na biyun nan shi ne zai sa ta zo ta kama murhunta ta ce ba inda za ta, kuma ba za ta gaya maka dalili ba, za ta ce karatun ne ya yi wuya.

Ga shawarata. Ranar da ta iso ka bar miyar ta ɗan kama, ta yi ƙauri. Ka sosa ƙeya ka ce ka gaji, Allah ya kawo mai kicin. Ta ga yara da ƙiba, ta ga kuma wurinta na nan. Ka ajiye wannan baje kolin naka na miya kala-kala, ba gasa aka sa ba.

Ka rubuto da wuri, ina zaune kan ƙaya.

Gwaggonka

Gwaggo,

Barka da arziki, Allah ya ƙara hasken ido. Ki yafe mini zargin da na yi. Yara na gaishe ki, uwarsu ma ta ce in gaishe ki da kyau.

Takardarki ta zo ana gobe za ta iso. Na karanta, na san gaskiya kika faɗa. Amma shawararki ban bi ba. Na ɗora albasa, na tsaya a kanta da niyyar in bar ta ta kama, hannuna ya ƙi, sai juyawa yake. Ban taɓa karkata ɗinki da gangan ba, Gwaggo. Kuma na yi tunani, idan ta ci ƙauri za ta ce ashe haka yara ke ci idan ba ta nan.

Ta iso da la'asar. Ta ɗaga Auta ta jijjiga shi, ta duba wuyansa, ta duba idonsa irin na ma'aikatan asibiti. Ta shiga kicin ta tsaya tana kallon inda na mayar da tukwane. Na zuba abinci. Yara suka hau ci suna ba ta labarin gwaji, kowa na so ya riga. Ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Gishirin nan daidai yake, Allah ya sani. Na tashi na miƙo mata.

Da ta miƙo hannu za ta karɓa ne na gani. Rigar da ke jikinta ni na ɗinka mata kafin ta tafi, na san awonta kamar sunana. Kafaɗar ta zamo, hannun yana lilo, ƙugun da na yi cif ya saki. Ni ina nan ina auna wuyan Auta, ina cika baki a waya, ban taɓa tambayar matata me take ci ba.

Bayan yara sun fita wasa na tambaye ta. Ta ce abincin makarantar ba ya shiga, shinkafa fara da wani ruwa-ruwa a kai, kullum shi ne. Yawanci burodi take ci da shayi ta koma karatu. Sai ta ce dama tana so ta gaya mini, karatun ya yi wuya, tana ganin za ta haƙura. Kalmar da kika ce za ta faɗa, ita ta faɗa.

Na ce mata maganar da na yi a waya ƙarya ce irin ta mai taƙama. Kullum Auta sai ya tambaye ni ko Mama za ta so wannan, Babbar kuwa ta hana kowa taɓa kofinta. Na ce miya na iya, amma kitson Babbar maƙwabta ke yi, kuma ranar da Auta ya yi zazzaɓi sunanta ya yi ta kira, ba nawa ba. Na ce wurinta ba a tukunya yake ba balle in ƙwace. Ta yi kuka, ni ma ban tsira ba, kuma babu albasa a kusa da zan ɗora wa laifi.

Sauran kwanakin ita na ɗora kan kujerar gwaji. Ta ce a ƙara citta, na ƙara. Ta ce tafarnuwa ta yi yawa, na rage. Rana ɗaya ta karɓi kicin ta yi mana nata, yara suka cinye har ƙanzo, na ci na san har yanzu da saura a gabana. Na nuna mata ta kifin gwangwani da ta gasasshen tumatir, waɗanda za ta iya yi a ɗan risho a ɗakinsu na makaranta. Ta rubuta a bayan littafinta tana dariya, wai yau ita ake koya wa girki.

Ban tambaye ta ko za ta koma ba, tsoro nake ji. Ranar da hutu ya ƙare na fito shago da safe, sai ga ta ta biyo ni da rigar nan a hannu, jakarta kuwa a ɗaure a bakin ƙofa. Ta ce in ɗan rage mata kafin mota ta tashi, kada ta shiga aji kamar ta aro.

Na karɓa, na duba, na ninke ta na mayar mata. Na ce awona daidai yake, ba zan rage ko zare ɗaya ba, ita za ta cika ta.

Ta koma, Gwaggo. Jarrabawarta wata mai zuwa. Ki rubuto mini miyar da za ta yi kwanaki a kwalba ba ta lalace ba, direba ya ce akwai motar da ke bi ta garin makarantarsu. Awon mutum ɗaya nake so.

Ɗanki,
Tela